Sikila, binciken ƙwayoyin halitta, da aikin da ya rage mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa da ƙannenmu ɗalibai, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga garuruwa masu nisa.

An ba ni magana kan binciken ƙwayoyin halitta. Fage ne mai faɗi, akwai masu nazarin mutum, akwai na dabbobi da tsirrai, har da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Zan shige shi ta ƙofar da ta fi kusa da gidajenmu, wato sikila, domin da wuya a sami wani a ɗakin nan da bai taɓa zuwa dubiyar yaro mai ciwon ƙashi ba, ko gaisuwar rasuwarsa.

Umarnin da ke gina jikin ɗan Adam a rubuce yake da haruffa huɗu kacal, jere da juna har kusan biliyan 3. A duk wannan dogon rubutu, harafi ɗaya ne ya sauya a wurin da ake ƙera himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, galibi lafiyarsa lau. Wanda ya gada ta wajen uwa da uba shi ne SS: jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo ya tashi. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa abin ya yawaita a ƙasashenmu. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma laifin dangin uwa ba ne kamar yadda akan ɗora musu. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Ga inda ikon Allah yake ba ni mamaki. Makamin da ake yaƙar wannan cuta da shi yau ba a jikin mutum aka fara ganinsa ba. Wani masani ɗan Sifaniya, Francisco Mojica, ya lura da wani baƙon rubutu mai maimaituwa a jikin ƙananan halittun da ke rayuwa a kududdufan gishiri kusa da Alikante. A 2007 masu binciken wani kamfanin da ke sayar da ƙwayoyin haɗa yogot suka tabbatar cewa da wannan tsari bakteriya ke kare kanta: takan ajiye guntun rubutun bairos ɗin da ya taɓa kai mata hari, in ya dawo ta gane shi ta datse shi. A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka nuna cewa ana iya ɗaukar wannan almakashi, a nuna masa duk inda ake so ya yanka. Shi ne CRISPR, kuma a kansa aka ba su kyautar Nobel a 2020.

To me za a yanka a jikin mai sikila? Duk uwar da ta yi rainon mai cutar ta san cewa watannin farko jariri lafiya yake, sai daga baya kumburin hannu da ƙafa ya fara. Dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da himogulobin irin na cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Sai wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A ta dakatar da ƙera shi. Maganin da ake kira Casgevy yana rage ƙarfin wannan ƙwaya ne a cikin ɓargo, jiki ya koma yin irin jinin jarirai. Birtaniya ce ƙasa ta farko da ta amince da shi, a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo a Disamba. A gwajin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun shekara ba tare da mummunan tashin ciwo ba. A Janairu 2025 aka yarda a fara ba da shi a asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, a Ingila ga masu shekara 12 zuwa sama da cutar ta tsananta musu.

Kada kowa ya fita nan ya buga waya gida ya ce an sami allurar sikila. Aiki ne mai nauyi. Sai an zuƙo ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a gyara su, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don share tsohon ɓargo, sannan a mayar masa da gyararrun. Makonni yake yi a kwance, kuma maganin kan iya taɓa haihuwa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Yaron da ke Funtuwa ko Damagaram, wanda iyayensa ke faɗi-tashin kuɗin ledar jini, wannan labari bai iso gare shi ba tukuna. Abin yana ci mini rai.

Akwai wani giɓi kuma. Mafi yawan mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali bambancin halitta ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka. A 2020 shirin binciken ƙwayoyin halittar 'yan Afirka mai suna H3Africa ya karanta rubutun halittar mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya tarar da sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Idan ba a san jininmu ba, da ma'aunin wasu za a yi ta auna mu.

Kuma namu ba su zauna ba. Cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede a Jihar Osun ce ta fara karanta rubutun ƙwayar korona a Afirka, a Maris 2020. A Samaru, Zariya, cibiyar binciken noma ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya cinsa. An karanta rubutun halittar gero tun 2017, ana neman sirrin jurewarsa ga zafi da fari. Ƙannenmu masu neman fannin karatu, ga fili nan.

Yanzu abin da nake roƙo. Kowa ya san jinotayif ɗinsa da na 'ya'yansa, tun kafin soyayya ta yi nisa, ba sai an kai kayan sa rana ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Masu auren zumunci su fi kowa kula. Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Malamanmu masu ɗaura aure a nan, Allah ya gafarta muku, ku riƙa tambayar takardar gwaji.

Sai ba da jini. Masu sikila da yawa a nan Birtaniya suna buƙatar wani nau'in jini da ake kira Ro, wanda ya ninka sau goma a jikin baƙar fata idan aka kwatanta da Turawa. Mai AS ma yana iya bayarwa, ya dai faɗa wa ma'aikata. Wanda ke da mai sikila a gida ya tambayi likitansa game da gwajin ƙwayoyin halitta na tantance rukunin jini, wanda NHS ta fara a 2024 don a riƙa samo masa jinin da ya fi dacewa da shi. Idan kuma aka gayyace ku shiga bincike, ku karanta takardar, ku tambayi inda samfurinku zai je da wanda zai gan shi, in kun gamsu ku shiga.

Shugaba, ina neman alfarma kwamiti ya tsayar mana da rana ɗaya kafin taro na gaba, mu tafi ba da jini a ƙungiyance, kuma a ajiye takarda a bakin ƙofa yau don masu son sa sunansu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.