Sharhi: Direban Kalifoniya da tara ta fi ƙarfinsa

Jama'a masu saurare, a jihar Kalifoniya ta Amurka, direban da aka kama da ƙaramin laifin tuƙi yana da wata ƙofa: ya shiga makarantar dokokin hanya, ya yi darasin awa 8 a aji ko ta intanet, sai DMV, hukumar kula da motoci da lasin tuƙi ta jihar, ta ɓoye laifin daga idon kamfanonin inshora. In bai yi ba, makin laifi ɗaya zai zauna a kundin tuƙinsa shekara 3, kuɗin inshora ya hau. Wanda ya tara maki 4 cikin wata 12 kuwa, lasinsa ne ke cikin haɗari.

Sharuɗɗan a fili suke. Lasinka yana aiki, ba motar haya ko ta kaya kake ja ba, ba ka shiga makarantar ba kan wani laifi cikin wata 18 da suka wuce, kuma lissafin daga ranar laifi ne zuwa ranar laifi. In gudunka ya zarce ƙa'ida da fiye da mil 25 a awa, ko da giya a maganar, magatakardan kotu ba zai ba ka izini ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Makarantar ba ta rage ko sisi daga tarar. Tarar gudun wuce ƙa'ida ta dala 35 kan koma kusan dala 240 bayan ƙare-ƙaren kuɗaɗen jiha da na gunduma, ta ƙetare jar danja kuwa ta kusan dala 490. A kan wannan akwai kuɗin kotu na dala hamsin da wani abu, sannan kuɗin makarantar. Mai hali ya biya a take, kundinsa fes. Talaka ya rasa, maki ya hau kansa, ya yi shekaru yana biyan inshora mai tsada a kan laifi iri ɗaya. A ganinmu wannan hukunci biyu ne.

Amma doka ta bar hanya, sai dai ba kowa ya san ta ba. Sashe na 42007 na dokar ababen hawa ya ba kotu damar karɓar kashi 10 cikin 100 na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sauran a biya cikin kwana 90 bisa yarjejeniya a rubuce. Wanda hakan ma ya gagara, sai ya cike fom TR-320, ya haɗa da shaidar albashi ko ta tallafi irin su CalFresh (tallafin abinci) da Medi-Cal (tallafin kiwon lafiya). Alƙali na iya rage tarar, ko ya ƙara wa'adi, ko ya musanya ta da aikin al'umma.

A yi hattara da MyCitations, shafin intanet na kotunan jihar na neman rangwamen tara. Mai amfani da shi kan amsa laifinsa ne, don haka kafin ya danna komai, ya tambayi kotun da ke kan takardarsa ko rangwamen zai tafi tare da izinin makaranta, domin tsarin kotunan ya bambanta. Mutum na iya samun ragi, daga baya ya tarar maki ya riga ya shiga.

Tun 2017 Kalifoniya ta daina dakatar da lasi saboda rashin biya kawai. Amma wanda ya jefa takardar a aljihun mota har ranar kotu ta wuce, ana iya ƙara masa dala 100, kuma ba zai samu izinin makaranta ba sai ya warware wannan tukuna.