Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwayar yashin da ke huda kumbo

Jama'a, lokaci ya ƙure mana, sai mu hanzarta. Wani daga Maraɗi yana tambaya, tauraron da ke faɗowa da dare ina yake sauka? Malam, ba tauraro ba ne. Ƙwayar dutse ce, wani lokaci ba ta fi ƙwayar gero ba, kuma tana ƙonewa tun a sama, kimanin kilomita 80 zuwa 100.

Wata Hajiya daga Katsina ta ce ko dutsen sama ya taɓa faɗowa a Najeriya? Haba Hajiya, ai a jiharku ne! Zagami, 1962, kilo 18, kuma daga duniyar Mars ya fito.

To, ga wadda mutane da yawa suka aiko: yaya abu kamar yashi zai lalata kumbon da aka kashe wa biliyoyi? Malaminmu na kimiyya, bismillah.

"To, gudu ne. Gudu. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kanta tana zagaya duniya da kusan kilomita 28,000 a awa. Gudun duwatsun sama ne ma ya sa wata yake cike da ramuka, ba shi da iskar da za ta tare su, har ƙurar samansa ma..."

Malam, kumbo muke tambaya, ba wata ba.

"Ina zuwa. A watan Disamban 2022, kumbon Soyuz na Rasha da ke liƙe a tashar ya samu huda da ba ta kai milimita ɗaya ba, ruwan sanyaya shi ya tsiyaye. Hukumar sararin samaniya ta Rasha ta ce irin wannan ƙwayar ce ta huda shi. Sai da aka aika wani kumbon babu kowa a ciki, ɗan sama jannati Ba'amurke Frank Rubio, wanda a kumbon da ya huje ya kamata ya dawo, ya kwana 371 a can. Madubin na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ma, irin wannan ƙwayar ta same shi a watan Mayun 2022."

Ku ji da kyau, masu sauraro: huda ƙasa da milimita ɗaya, ta sa mutum ya shekara bai ga iyalinsa ba. Milimita ɗaya! Ni kam ko kyauta aka ba ni kujera, na yafe.

"Akwai garkuwa fa. Masanin taurari Fred Whipple ya kawo dabarar a 1947: siririn faranti a gaba, ƙwayar ta tarwatse a kansa kafin ta kai jikin kumbon."

Madalla, Malam. Mai tambaya daga Yamai kan kusufin rana, ka yi haƙuri, sai mako mai zuwa, kuma don Allah ka rage tsawon wasiƙarka.