Bitamin Zai Iya Tsaya wa Mai Sida a Madadin ARV?

A kasuwar Garwa ko ta Marwa, ba ka rasa mai tallar kwalaben bitamin yana rantsuwa cewa suna gina garkuwar jiki, har mai sida ma sun ishe shi, ba sai ya sha ARV ba, wato maganin da ke danne ƙwayar cutar. To jama'a, an gwada maganar nan, kuma a Afirka aka yi gwajin.

A Darussalam ta Tanzaniya, tun daga 1995, masu bincike na jami'ar Harvard da ta Muhimbili suka ɗauki mata masu juna biyu 1,078 da ke ɗauke da ƙwayar cutar. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su bitamin B da C da E, wasu bitamin A, wasu duka biyun, wasu kuwa ƙwayar da babu komai a cikinta. Ba wadda ta san abin da take haɗiya, don kada tsammani ya shiga cikin sakamako. Da aka fitar da rahoton a 2004, masu shan B da C da E ciwon ya fi jinkirin kwantar da su. Bitamin A kuwa bai taimaka ba, har ma an ga ya ƙara haɗarin uwa ta sa wa jaririnta cutar ta hanyar nono.

Sai dai fa a wancan zamanin ARV bai wadata ba, jinkiri kawai ake nema. Daga baya aka sake gwaji a Tanzaniyar kan mutum sama da 3,400 da suka fara shan ARV, aka ba rabinsu bitamin mai yawa ninki-ninki. Tilas aka dakatar da shi kafin lokaci, domin jini ya nuna hanta na shan wahala, kuma ba wani ƙarin amfani. A 2012 aka wallafa wannan.

Bitamin ba ya kashe ƙwayar HIV, ba ya hana ta hayayyafa. Wannan aikin ARV ne, wanda a Kamaru kyauta ake ba da shi tun 2007.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. Maganin dolutegravir, wato irin ARV ɗin da yawancin masu cutar ke sha yanzu, ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe da na kalsiyam suna riƙe shi a hanji, jiki ya kasa zuƙarsa sosai. Masu juna biyu, ku kula da wannan. A sha ARV awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu, ko a haɗa su tare da abinci. Kwalbar da kuka saya a kasuwa, ku tafi da ita asibiti ranar karɓar magani, likita ya duba.