Ciwon cikin da ya ƙi ƙarewa da kwalbar maganin ɗaci

(An rubuto daga faifan laccar da wani likita ya yi wa 'yan kasuwa, mahauta da 'yan dako a Agege, Legas, bayan sallar La'asar.)

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, Allah ya ƙara girma. Na baya kuna jina? To a ɗan ƙara murya, janareton maƙwabta ya fi ni baki.

Abubuwa huɗu zan taɓa: kwalbar maganin da muke sha, gyambon ciki, matsarmama, sannan alamomin da ba a kwana da su a gida.

Na farko, kwalba. Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Oshodi ya san mutumin nan da ke miƙewa da jaka. Ga mai agbo, jiƙon gargajiyar Yarabawa, da kwanon kwalabe a ka, ga kuma namu na gida da lasifika a kan mota. Kwalba ɗaya tal, amma tana maganin basir, shawara, taifot, sanyi, kumburin ciki, har da wancan da ba zan faɗa a gaban iyayenmu mata ba. (Dariya.) Ban zo in ce muku duk ƙarya ne ba. Abu mai ɗaci irin shuwaka ko maɗaci yana tsinka yawu, ya buɗe cin abinci. Citta tana rage tashin zuciya. Kanwa tana kashe kaifin ruwan tsamin ciki, shi ya sa kana sha sai gyatsa, zafin ƙirji ya lafa, sai dai mai hawan jini ya yi hattara da ita, gishirinta da yawa. Filasko kuwa zawo yake sawa, ka ji wasai ka ce an wanke maka ciki. Sauƙin da ka ji na gaskiya ne. Tambayata ita ce, me ya sa wata mai zuwa ka sake sayen wata kwalbar?

Kuma a riƙa karanta takardar jiki. Da yawa daga magungunan ɗacin nan a cikin barasar ogogoro ake jiƙa su, wasu ma an rubuta yawan barasar ƙuru-ƙuru. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya ba shaidar yana warkarwa ba ce, a ƙasa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance abin da mai maganin ke iƙirari ba.

To yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Alhaji, a bar wayar nan tukuna. Shekara da shekaru likitocin duniya sun yarda cewa damuwa da yaji da yunwa ne ke kawo gyambon ciki. A ba ka madara, a hana ka barkono, a ce ka rage tunani. Mutumin da ke neman kuɗin haya a Legas za ka ce wa ya rage tunani! Kowa ya ɗauka babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin tumbi, domin ruwan tsamin da ke ciki yana narka nama. Sai wani likita mai duba tsoka a madubin ganin ƙananan halittu, Robin Warren, a birnin Perth na Ostireliya, ya dinga ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a bangon cikin marasa lafiya. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya shigo aikin. Suka yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a ɗakin gwaji ta ƙi, domin bayan kwana biyu ake zubar da faranti. A 1982 aka tafi hutun Ista aka bar farantan suka ƙara kwanaki. Da aka dawo, ga ta ta fito. Ashe ba ta da sauri ne kawai. Sunanta Helicobacter pylori.

Kun ɗauka an yi musu tafi? Dariya aka yi musu. Da abin ya ishi Marshall, a 1984, sai ya dama ƙwayar ya shanye. Ya shanye fa, jama'a! Cikin kwanaki ya kama amai, matarsa ta ce bakinsa wari yake. Aka zura masa na'ura aka ga bangon cikinsa, da lafiyarsa ƙalau a da, ya kumbura ya yi ja. Ya sha maganin kashe ƙwayoyi ya warke. A 2005 aka ba su kyautar Nobel su biyu. Ni duk lokacin da na tuna mutumin nan sai in ce ko a 'yan tauri ba a samun irinsa.

Yadda take rayuwa kuwa abin mamaki ne. Tana kutsawa cikin majinar da ke lulluɓe bangon ciki, ta fitar da wani sinadari da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita, ta zauna abinta. A hankali majinar ta yi rauni, tsami ya samu bango, ya ci. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, a ƙasashenmu ma ya fi haka, kuma yawanci tun yarinta ake ɗauka, ta ruwan sha da abinci da cunkoson gida. Ba kowa take wa illa ba. Amma wanda ta yi wa, ko ya sha tanki guda na agbo tana nan daram. Tun 1994 aka sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki.

Ga daɗin labarin: ana gane ta, ana kuma kashe ta. Gwajin bayan gida ne ko na numfashi. Magani haɗi ne, ƙwayoyin kashe cuta aƙalla iri biyu da mai rage tsami irin omefirazol, kwana 14. Kwana goma sha huɗu, ba uku ba. Ku ba ku san shanyewa ba, da an ji dama sai a ajiye sauran a ce na gaba. Haka ƙwayar ke koyon maganin, a dawo a ba ta ta yi biris. Kuma kada ka je kemis ka haɗa wa kanka, a gwada tukuna. In kana shan omefirazol ka faɗa wa likita, domin yana ɓoye ta a gwaji, sai an dakata mako biyu.

Na uku... a'a, har yanzu a na biyu muke ko? To wannan reshensa ne, kuma na 'yan dakon kasuwar Mile 12 ne. Ka wuni kana sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, dare ya yi jiki ya yi tsami, ka je wurin mai tebur ka ce a haɗa maka na gajiya. Ya ɓare maka ja, fari, shuɗi a 'yar leda, ka kora da lemo ciki ba komai. A cikin haɗin nan akwai dikulofenak, ibufurofen, wani lokaci da asfirin a kai. Hodar Alabukun ma asfirin ce da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi. Dukkansu gida ɗaya ne, kuma aikinsu a ciki shi ne rage wa bango kariya. Bayan ƙwayar can, su ne na biyu wajen huda ciki. Da dare ka sha mai kawo ciwon, da safe ka sayi agbo, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. In ya zama dole, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, shi ma banda zarcewa saboda hanta. Taba da goro a cikin da babu komai, ban ce komai ba, Baba na hararata. (Dariya.)

Lokaci ya tafi, bari in yi sauri. Matsarmama, mahautan Oko-Oba sun fi ni saninta: 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali da bakin wuƙa kada ta fashe ta ɓata nama. Hanta ke yin ruwan, jakar ta adana, in ka ci maiƙo ta matso shi cikin hanji. Wani lokaci tsakuwa kan taru a ciki. Alamarta ciwo mai tsanani a dama, ƙarƙashin haƙarƙari, bayan cin mai, yana harbawa kafaɗa. Babu kwalbar da ke narkar da ita.

Na ƙarshe, ku riƙe: bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, rama ba dalili, abinci na tsayawa a wuya, ido ya yi rawaya. Ido rawaya kada a ce shawara ce a jiƙa saiwa, a gwada ciwon hanta nau'in B, yana da yawa a ƙasar nan. Waɗannan asibiti ne a ranar.

An miƙo takarda daga ɓangaren mata. Ta ce maigidanta kan yi amai rawaya mai ɗaci duk bayan 'yan makonni, an ce ɗaci ne ya yi masa yawa, tana dafa masa filasko ya fitar.

Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma a sauke tukunyar nan. Kowa ya yi amai har cikinsa ya ƙare, abin da zai biyo baya rawaya ne mai ɗaci, ruwan matsarmama ne ya dawo daga hanji. Mai zazzaɓin cizon sauro na yi, mai laulayi na yi, mai ciwon ɓarin kai na yi. Ba yawa ya yi ba. Mutumin da ya yi amai ruwan jikinsa ya riga ya ragu, ki ƙara masa zawo, ƙoda ce za ta sha wuya. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Sannan ki lura mana da abu uku: me ya ci kafin ya tashi, ina yake dafewa, da ciwon kai yake zuwa ko babu. Yana dafe dama? Ana ɗaga kai daga can, an ce dama. To a kai shi a yi masa hoton ciki, kuma ya je da safe bai karya ba, domin in ya ci abinci jakar takan tsuke, mai hoton ba zai ga abin kirki ba.