Wa ke riƙe da linzami a kan motar Mario?

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk matashin da ya taɓa zama a ɗakin wasan bidiyo a nan Maraɗi ya san cewa daɗin abin yana cikin yatsunsa, domin idan ya danna, abu ya motsa, idan kuma ya yi sake, abokinsa ya wuce shi. Da wannan ma'auni za mu auna abubuwan hawa guda uku na Super Nintendo World, wani dandalin wasa da aka gina bisa wasannin bidiyo na kamfanin Nintendo, wanda aka fara buɗewa a wurin shaƙatawa na Universal da ke birnin Osaka na ƙasar Japan a watan Maris na 2021.

Na farko shi ne Mario Kart, wanda aka gina bisa wasan bidiyo na tseren motoci mai wannan suna. Mutum huɗu ne suke shiga mota ɗaya, kowa da sitiyarinsa, kowa kuma da hula mai gilashi a gaban idanunsa, wadda take ɗora hotunan abokan tsere a kan ginin gaskiya da motar take ratsawa. Inda mahayi ya juya kansa, nan ne saitinsa, sai ya danna maɓalli ya jefa ƙoƙon kunkuru, ya tara sulallan zinariya. Amma a lura, motar a kan dogo take, kuma murɗa sitiyari ba ya sauya mata hanya, sai dai ya ƙara wa mahayi maki idan ya murɗa a kan lokaci. Tafiyarta ma ba ta kai ta kabu-kabu ba. Hotuna, ƙara da iska ne suke sa jiki ya ɗauka gudu ake yi. Duk da haka, a ganina shi ne ya fi kusa da wasan asali, tun da mutum biyu da suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna iya sauka da sakamako daban.

Yoshi's Adventure na ƙananan yara ne: ana tafiya a hankali, yaro yana neman ƙwai masu launi, yana danna maɓalli idan ya hango su.

Na Donkey Kong, wanda aka buɗe a Osaka a watan Disamba na 2024, ya bi wata hanya dabam, domin bai ba mahayi komai ya danna ba. Tarago ne yake gudu a kan dogon da ake gani ya karye a gaba, sai ya yi kamar ya tsallake ramin. Dogon da ido yake gani ado ne kawai. Na gaskiya yana ɓoye a ƙasa, kuma wani hannun ƙarfe ne yake ɗauke da taragon daga can, shi ya sa ƙafafunsa suke wucewa ta sarari ba tare da sun taka komai ba.