Yadda Ake Kamun Kifin Salmon Cikin Cunkoso a Bakin Kogin Kenai

Dogon layin mutanen da akan gani tsaye cikin ruwa, kowa riƙe da sandar fatsa, yana a mahaɗar Kogin Kenai da wani ƙaramin kogi da ake kira Kogin Rasha, a kudancin jihar Alaska ta Amurka, tafiyar kimanin awa biyu a mota daga birnin Anchorage. Sunan ƙaramin kogin yana tuna zamanin da Alaska ke hannun Rasha, kafin ta sayar wa Amurka da ita a 1867. A ranakun da kifi ya taso sosai, ɗaruruwan mutane sukan jeru a nan kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallar idi, tsakanin mutum da maƙwabcinsa bai fi taki biyu ba, wasunsu ma sai da suka biya kuɗin fito aka tsallakar da su a wani jirgi da ke ɗaure da igiyar ƙarfe, wanda ƙarfin gudun ruwa ne ke tura shi. Wanda ya hango wurin daga nesa zai ɗauka hargitsi ne, alhali kuwa akwai tsari a ciki, kuma wanda bai san tsarin ba da wuya ya koma gida da kifi ko da kayansa sun fi na kowa tsada.

Abin da ya tara jama'ar nan shi ne wani nau'in salmon da ake kira sockeye, ko jan salmon, wanda nauyinsa kan kai kilo biyu da rabi zuwa uku. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara ɗaya ko biyu a tafki, sannan ya gangara teku ya yi shekara biyu zuwa uku, bayan haka ya juyo ya haura kogi yana neman ainihin ruwan da ya fito domin ya zuba ƙwai, kuma da ya gama sai ya mutu. Kifin da ke shiga Kogin Rasha yana zuwa ne sau biyu a shekara: ayarin farko a tsakiyar Yuni, na biyu daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta. Tun kafin zuwan Turawa, al'ummar Dena'ina ta dogara da wannan mahaɗa wajen tanadin abincin hunturu, kuma har yanzu alamun tsoffin gidajensu suna nan a yankin.

Abu na farko da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne, da zarar wannan kifi ya bar ruwan gishiri, ya daina cin abinci ke nan, saboda haka ba a yaudararsa da tana ko wani abin ci. Abin da ya rage wa mai fatsa shi ne ya san hanyar da kifin ke bi. Kifin yana haurawa ne a jere, kusa da gaɓa kuma dab da ƙasa, inda ruwa bai cika ƙarfi ba, yana buɗe baki yana rufewa domin numfashi. Mai fatsa kan sako zare tsawon sandarsa ko fiye da haka kaɗan, ya wurga shi a karkace zuwa sashen da ruwa ke fitowa, ya sauke kan sandar yana bin zaren da ita, darmar da aka ɗaura wa zaren domin ya nutse tana ɗan bubbuga duwatsun ƙasa har yana jin motsin a tafin hannunsa. Yayin da ruwa ke jan zaren a kwance, sai ya ratsa buɗaɗɗen bakin wani kifi, ya zame har ƙugiya ta maƙale a gefen bakin. Idan ba a samu komai ba, sai a ɗaga a sake wurgawa, kuma duk zagayen bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Gwaninta tana wajen zaɓen darma: idan ta yi nauyi sai ta sarƙafe a duwatsu, idan kuma ba ta kai ba sai zaren ya wuce ta saman kifin. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne kutsawa cikin ruwa har ƙugu, wanda hakan ke kora kifi ya yi nisa da dukan masu layin, bayan kuwa a ruwa iya gwiwa yake wucewa.

Doka ta ƙayyade kayan aikin dalla-dalla. A wannan yanki ƙugiya ɗaya tak aka yarda a ɗaura, wadda aka yi wa ado da gashi, kuma faɗin bakinta kada ya wuce kashi 3 cikin 8 na inci, wato ƙasa da santimita 1, sannan darma ta kasance aƙalla inci 18 daga ƙugiyar. Kifin da ƙugiya ta kama a baya, ko a ciki, ko a wutsiya, dole a sake shi nan take, domin sai wanda aka kama a baki ne ya halatta a ɗauka. Akwai masu sukar wannan salo suna cewa ai kifin bai ciji ƙugiya da kansa ba. A ganina inda ya kamata a ɗora laifi shi ne kan mai fizgar sanda da ƙarfi a ƙarshen kowace wurgawa da fatan ƙugiya ta caki ko'ina, domin shi ne ke yayyage jikin kifin da tilas a sake shi, ya ƙarasa tafiyarsa da rauni.

Sai kuma abin da ba a rubuta a takardar doka ba, wanda shi ne ke riƙe da wurin. Mutanen da ke layi ɗaya suna wurgawa ne a kan ƙa'ida ɗaya: na ƙasa, wato wanda ke ɓangaren da ruwa ke gangarawa, ya fara, na sama da shi ya biyo baya, kowa da tsawon zare kusan daidai da na maƙwabcinsa, ta yadda zarurrukan za su riƙa gangarawa a jere ba tare da wani ya hau kan wani ba. Mutum ɗaya da ya saɓa wa wannan tafiya, ko ya yi doguwar wurgawa, ya isa ya cukurkuɗe zaren mutum huɗu. Wanda ya iso daga baya yakan tsaya a gefe ya lura da yadda ake yi, ya nemi izini kafin ya shiga giɓi, kuma idan wani ya fita domin cire kifi ko gyara ƙugiya, wurinsa yana nan yana jiran sa, ba a mamaye shi.

Lokacin da kifi ya kamu, mai fatsa yakan ɗaga murya ya sanar, nan take na kusa da shi, musamman na ƙasa, su janye zarensu su ja da baya. Jan salmon da bai daɗe da barin teku ba yana da ƙarfi matuƙa. Yakan yi tsalle sama da ruwa, ya bi gudun ruwa a guje, shi ya sa ake amfani da zare mai kauri domin a gaggauta jawo shi gaɓa maimakon a daɗe ana fafatawa an tsayar da jama'a. Sau da yawa maƙwabcin da ba a taɓa sani ba shi ne zai ajiye sandarsa ya miƙa koma ya ɗauko kifin. Sai a buge shi a ka, a yanke shi a wuya jinin ya tsiyaye, a ɗaure shi a igiya cikin ruwan sanyi domin naman kada ya lalace.

Akwai haɗari na gaske a cikin wannan cunkoso. Idan ƙugiya ta kuɓuce daga bakin kifi zare yana miƙe, ita da darmar sukan dawo da gudu su nufi fuska, saboda haka tabarau da hula wajibi ne ga mai hankali ko da rana ba ta fito ba. Asibitin garin Soldotna ya shahara da cire ƙugiyoyi daga jikin masu fatsa a kowace bazara.

Ba mutane kaɗai kifin ke jawowa ba. Dabbar beyar, baƙa da mai ruwan ƙasa, tana zuwa wannan kogi, kuma idan ta saba da samun abinci a sauƙaƙe a wurin mutane, ƙarshenta sai an harbe ta. Domin haka aka wajabta cewa kifin da mutum ya kama kada ya yi nisa da shi fiye da ƙafa 12, jakarsa da abincinsa kuma kada su wuce ƙafa 3. An fi so mutum ya tafi da kifinsa ɗungum ya gyara a gida, idan kuwa ya feɗe shi a bakin ruwa, to ya daddatse kai da ƙashi ƙanana ya jefa inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kada su taru a gaɓa. Ita kanta gaɓar tana shan wahala, domin dubban ƙafafu suna kashe ciyawa da saiwoyin da 'ya'yan kifi ke fakewa a ƙarƙashinsu. An shimfiɗa hanyoyin ƙarfe masu ramuka waɗanda haske ke ratsawa, an kafa matakalan shiga ruwa, kuma 'yan sa-kai na shirin Stream Watch, wanda aka fara a 1994, suna zagayawa suna tsince tsoffin zarurruka suna wayar da kan baƙi.

Yawan kifin da za a ɗauka kuwa ya dogara ne da ƙidaya. Hukumar kula da kifi da namun daji ta Alaska tana da shinge a mafitar tafkin da ke saman Kogin Rasha, inda ma'aikata ke ƙirga duk kifin da ya tsallake masu fatsa, kuma burinta a ayarin farko shi ne kifi 22,000 zuwa 42,000 su isa wurin zuba ƙwai. A bisa al'ada ana buɗe kamu ranar 11 ga Yuni, kowane mai lasisi yana da damar ɗaukar kifi 3 a rana, kada abin da ke hannunsa ya wuce 6. Idan ƙidaya ta nuna an samu yalwa, hukumar takan ƙara adadin zuwa 6 a rana ko fiye, ta kuma buɗe ainihin bakin mahaɗar, wanda ake rufewa a farkon lokaci domin kifi ya huta a ciki. Idan kuwa ta nuna ƙaranci, takan rage ko ta rufe gaba ɗaya. Irin wannan umarni yana iya fara aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka masunta sukan duba sanarwar hukumar da ƙidayar jiya kafin su kama hanya, ana haka har zuwa 20 ga Agusta, ranar da ake rufe kamun jan salmon a wannan wuri.