Ciyawar da ke sa tumaki tangaɗi a Ostareliya

Jama'a, ku ƙaddara kuna kallon wata tunkiya a Ostareliya. Kanta na karkarwa, ƙafafunta na harɗewa, da zarar an kora garken sai ta zube ƙasa tana shure-shure. Ba annoba ce ta kama ta ba, ciyawa ta ci.

Sunan ciyawar Phalaris aquatica. Asalinta daga yankin Bahar Rum ne, an kai ta Ostareliya a ƙarni na 19, makiyaya suka rungume ta saboda tana jure fari. Sai dai ganyenta na ɗauke da sinadaran DMT da 5-MeO-DMT, masu birkita ƙwaƙwalwa har mutum ya riƙa ganin abin da babu, ga kuma gramine, wanda shi guba ne. Ko a 2018 an yi ta ganin dabbobin kangaru a jihar Victoria ta Ostareliya suna layi kamar mashaya, kuma wannan ciyawa aka zarga.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarfin sinadaran ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sabon tohon da ya fito bayan ruwan farko, musamman in an sha fari, ya fi tsohon ganye haɗari. Taki mai yawan naitrojin na ƙara masa ƙarfi, haka ma inuwa. Tushe biyu a fili ɗaya, wannan da sauƙi, wancan ajali, kuma ido ba ya rarrabe su. Duk wanda ya taɓa rasa saniya a gyauron dawa ya san irin wannan, ko da yake gubar dawa dabam ce.

Shi ya sa nake jin tsoro in na ji matasa a ƙasashen Turai da Amurka na neman maye a cikin ciyawar nan da 'yar'uwarta Phalaris arundinacea, wai ai tsiro ne kawai. Ina ma'auni a abin da ke sauyawa daga mako zuwa mako?

Makiyayan Ostareliya kan ba tumaki sinadarin kobalt, yana kare su daga tangaɗin, amma ba ya hana mutuwar farat ɗaya da ciyawar kan jawo. Wata tunkiyar ma sai an yi makonni, har watanni, da fitar da ita daga filin kafin ciwon ya bayyana. In likitan dabbobi ya buɗe kanta, yakan tarar wani sashe na ƙwaƙwalwar ya rine da launin kore.